A Bar wa Unguwa Wasanta

Idan saurayi ya shiga 'yan agaji yana tare hanya ranar Juma'a, albarka ake sa masa. Idan 'yan sintiri ya shiga, yana kwana a waje da tocila da gora, har karo-karo ake yi a saya musu shayi. Wanda yake buga ƙwallo a kulob ɗin unguwa kuwa, da kuɗin aljihunsa yake sayen takalmi, kuma ba a taɓa jin wani ya tsare shi da tambayar nawa ake biyansa ba. Amma bari a ga yaro yana fita rihazal ɗin wasan kwaikwayo bayan la'asar, ba ko sisin kwabo, sai a fara yi masa kallon wanda ya rasa abin yi. Mai sauƙin baki ya ce, "To, Allah ya kai ka Kannywood." Mai kaifin baki kuma ya je ya samu uban ya ce, "Malam, ka sa ido a kan yaron nan, na ga ya fara bin 'yan dirama."

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Mutumin da ya rufe shagonsa, ko ya ajiye a-daidaita-sahunsa, ya je ya ɓata yammacinsa yana koyon yadda zai tsaya gaban maƙwabtansa ya nuna musu halinsu, aikin gayya yake yi, daidai da mai yasar kwata kafin saukar damina. Tsegumin mutane bai dame ni sosai ba, domin an daɗe ana yin sa wasan bai mutu ba. Abin da ke cin wannan aiki a yau shi ne yadda aka raba unguwa da wasanta. An mayar da 'yan wasa 'yan ƙwadagon masu kawo saƙo daga waje, jiki da murya nasu ne, labarin kuwa na wani ne.

A unguwarmu an taɓa yin rikicin kuɗin burtsatse. Kowane gida yana ba da wani abu duk wata domin sayen mai da gyaran inji, amma duk ranar da injin ya tsaya sai a ce asusu babu komai. Kowa ya san hannun da kuɗin ke bi, babu mai iya buɗe baki, domin mutumin dattijo ne, a sahun farko yake salla, kuma rabin unguwar in ba surukansa ba ne to 'yan hayarsa ne. Samarin ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo suka shirya wasa a filin firamare. Ko sau ɗaya ba a ambaci burtsatse ba, labarin wani gari ne da aka tara kuɗin gyaran kwalbati. Wani tela siririn mutum shi ya fito a ma'aji. Ya ari babbar rigar wansa, ya cusa matashin kai a ciki ya yi tumbi, ya shafa alli a gemu. Abin da ya kashe mutane shi ne yadda yake ƙirga kuɗi. Sai ya juya wa jama'a baya, ya lashi yatsa, ya ƙirga uku ya tura ɗaya aljihun gaba, sannan ya juyo yana jan carbi yana girgiza kai yana cewa, "Amana, jama'a, amana nauyi gare ta." Wata tsohuwa mai ƙosai da ke zaune kan tabarma a gaba ta kasa daurewa, ta ɗaga murya ta ce, "Wallahi ɗan nan haka yake yi, har lasar yatsan!" Fili ya kaure da dariya, har mai fitowa a mai unguwa ya manta maganarsa.

Ba a daɗe ba dattawa suka zauna, aka ƙara mutane a kwamitin burtsatsen, aka fara liƙa lissafi a jikin tanki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegari da asuba. Telan nan ya fito daga masallaci ya yi kiciɓis da dattijon, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana." Dattijon ya dube shi ya ce, "Lafiya lau, ɗan nema. Ashe kai ne ma'aji." Shi ke nan maganar da ta shiga tsakaninsu.

A nan ƙarfin ɗan wasan unguwa yake, kuma a nan linzaminsa yake. Da mutanen da ya kwaikwaya yake kwana yake tashi. Ba zai iya shirga ƙarya ba, domin masu kallo sun fi shi sanin maganar, za su ƙaryata shi tun kafin ya sauka. Ba zai kuma wuce gona da iri wajen cin mutunci ba, domin gobe wurin wannan mutumin za a aike shi karɓar aron tsani. Dole ya koyi habaicin da zai taɓa mutum ba tare da ya tozarta shi ba, ya bar masa ƙofar da zai gyara ba tare da ya rasa girmansa ba. Jarumin fim yana iya zagin azzaluman masu kuɗi daga farkon fim har ƙarshe, kowane mai kuɗi ya kalla ya yi dariya ya ce ai da wane ake. A filin firamare babu wannan mafaka.

Masu cewa baƙon abu ne, ko Turawa ne suka kawo shi, sun manta da abin da suka yi suna yara. Wane ne bai yi tashe ba idan azumi ya kai goma? Yaro ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna koya wa juna zaman gidan miji a gaban iyayensu, a Kano kuma Nalako ya fito ya addabi gwagware. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda mata suke shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, wani lokaci a gaban su waɗanda ake kwaikwayon. A ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona akwai kalankuwa, samari su naɗa gwamnansu da alƙalinsu da ɗan sandansu su yi mulkin 'yan kwanaki. Duk waɗannan ba a biyan kowa albashi. Abin da ake samu shi ne ɗan hatsi ko 'yan kuɗin da masu kallo suka ga damar bayarwa. Kuma a cikinsu ne al'ummar da ba ta yarda yaro ya dubi idon babba ya faɗa masa laifinsa ba ta keɓe wani lokaci da za a faɗi laifin cikin raha.

Da boko ya zo, manyan da muke alfahari da su ba su raina wannan hanya ba. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana matashi, kuma lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi a shekarun 1940 ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen sukar zaluncin masu iko da cutar da ake yi wa talaka. Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ɗan wasa ne, har ƙungiyar wasa aka yi da sunansa a Kano. Idan aka zo ga talabijin, Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne, kuma shi da irin su Ƙasimu Yero su suka sa gidajen da ke da akwati suke cika da yaran maƙwabta da daddare. Ita kanta Kannywood da ake yi wa yara fatan Allah ya kai su, daga ƙungiyoyin unguwa ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon masana'antar daga kansa, kuma kafin kyamara ta zo hannunsu, su da ƙungiyoyi irin su Gyaranya da Jigon Hausa sun yi shekaru suna wasan daɓe da na talabijin. Yawancin mutanen nan suna da sana'arsu ta cin abinci, malamai ne da ma'aikata da 'yan kasuwa, wasan kuwa abin yamma ne.

A Nijar ma haka abin ya kasance, da ɗan bambanci. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, aka riƙa gasar wasan kwaikwayo tsakanin garuruwa, ƙungiyar Damagaram da Yazi Dogo ya yi fice a cikinta ta zama abin so a duk inda ake jin Hausa. 'Yan wasan ba ƙwararrun da ke cin abinci da wasan ba ne, kuma galibi ba sa haddace rubutu, a tsakaninsu suke tsara labarin kowa ya cike maganarsa da bakinsa. Sai dai da yake gwamnati ce uwar tafiyar, sau da yawa jigon wasan yakan bi abin da gwamnati take son a ji. Wasannin da mutane suka riƙe har yau su ne waɗanda 'yan wasan suka fi ƙarfin saƙon, suka cusa rayuwar mutane ta gaskiya a cikinsa.

Wannan tambaya ta wane ne mai labarin, an daɗe da yin karo da ita a Zariya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina dandalin wasa na ƙasa irin ginin Hausa a cikin jami'ar, aka kuma fara tura ɗalibai cikin Samaru su ji damuwar mutane su mayar da ita wasa. Daga nan aka fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo. Wasan Manoma na 1977 ya zo ne a zamanin shirin gwamnatin Obasanjo na ciyar da ƙasa, wanda aka ƙaddamar a 1976. Darasin da malaman nan da ɗalibansu, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fitar daga wannan aiki shi ne cewa idan baƙo ya zo da wasansa a shirye ya yi wa ƙauye ya hau mota ya tafi, an sha kallo kawai. Sai suka koma zama da mutanen gari ana tsara wasan tare, manomi ya fito a manomi, a tsaya a tsakiyar wasa a tambayi jama'a, to yanzu me ya kamata wannan mutumin ya yi? A Kenya an ga iyakar inda irin wannan zai iya kaiwa. Manoma da leburorin ƙauyen Kamiriithu sun gina dandali da hannunsu suka yi wasa da harshensu na Kikuyu a 1977, gwamnati ta hana wasan, ta tsare Ngugi wa Thiong'o shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma ta rushe dandalin. Ba don sun iya wasa fiye da ƙwararrun Nairobi aka ji tsoronsu ba. Maganar tasu ce, shi ya sa ta yi nauyi.

Abin takaici, dabarar da aka gano a Zariya ita ce aka ɗauka aka juya ta a baibai. Duk wanda ya zauna cikin ƙungiyar wasa a shekarun nan ya san yadda abin yake zuwa. Mota ce mai tambari a ƙofa za ta tsaya, a fito da takarda da aka rubuta da Turanci a wani ofis mai sanyi, wani ya fassara ta a gaggauce. Akwai saƙo uku ko huɗu da dole a faɗa, kuma da kalmomin da ke cikin takardar za a faɗe su. Sai ka ji an sa tsohon manomi a wasa yana cewa "masu ruwa da tsaki" da "ci gaba mai ɗorewa", maganar da babu manomin da ya taɓa yin ta yana riƙe da fartanya. Mutanen cikin wasan ma ba sa canzawa. Akwai maigida jahili mai taurin kai, akwai matarsa mai kuka, akwai ma'aikaciya mai farar riga wadda ta san komai, kuma kafin a cika minti ashirin maigida ya tuba ya ce daga yau ya gane. A raba riguna da hulunan hana-salla, a zagaya da takardar sa hannu, a ɗauki hoton taro daga inda zai fi nuna yawa, a ba 'yan wasa kuɗin mota. Masu kallo ba yara ba ne. Tun daga fitowar farko sun san inda za a ƙare, kuma sun gane cewa su ne jahilin nan da ake nunawa. Suna tafawa saboda kara.

Ɓarnar da ta fi wannan tana zuwa bayan motar ta tafi. Ƙungiyar da a da ake haɗuwa don sha'awa, yanzu idan ka kira rihazal tambayar farko ita ce, "Akwai wani abu ne?" In ka ce babu, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Shugabanci ya bar hannun wanda ya iya wasa ya koma hannun wanda ya iya rubuta wasiƙar neman aiki da Turanci. A fara rigimar wa aka ba nawa, ƙungiya ɗaya ta rabe uku, kowacce da hatiminta da takarda mai kan suna, babu wadda ke da wasa. Telan da ya iya lasar yatsa a daina ba shi fitowa, domin ba ya iya haddace rubutu, shi da bakinsa ya saba magana. Na ga ƙungiyoyin da suka yi shekaru suna wasa ba kuɗi, kwangila ɗaya ta shiga tsakaninsu, har yau wasunsu ba sa gaisawa.

Kada a ce na yi wa masu tallafi butulci. Wasu saƙonnin da suke kawowa na ceton rai ne. Duk wanda ya tuna yadda aka dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003, da wahalar da aka sha bayan an dawo da ita a 2004 kafin a kai ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a watan Agustan 2020, ya san cewa an yi amfani da duk hanyar da za ta kai magana kunnen mutane, kuma 'yan wasa sun ba da tasu gudummawar. Kuɗin da ake ba su ma halal ne, guminsu ne. Abin da nake ƙi shi ne a kira wannan da sunan wasan al'umma. Kwangila ce, a kira ta kwangila, a biya ta da daraja. Akwai ma waɗanda suka fi ba ni haushi, su ne masu karɓar kuɗin wasa a rubuce cikin kasafinsu, sannan su zo su tara samari su ce, "Ku yi domin Allah, aikin sa kai ne." 'Yan siyasa sun ƙware a wannan, su kan ƙara da alkawarin za a tuna da ku idan an ci. Ni ƙa'idata mai sauƙi ce. Wanda ya kawo labari daga waje shi zai biya, tun kafin gumi ya bushe. Labarin da ya fito daga cikinmu kuwa mu za mu yi shi kyauta, kuma ba mai gaya mana yadda zai ƙare. Ƙungiyar da take son ta rayu za ta iya yin duka biyun, amma kada ta yarda shekara ta wuce ba ta yi nata ba ko da guda ɗaya ne.

Za a ce mini, kai da cikinka a ƙoshe kake maganar kyauta. Wannan magana tana da ƙarfi, ba na raina ta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, awa biyun da mai a-daidaita-sahu zai ajiye mashin ɗinsa awa biyu ne daga cefanen gidansa, ga balas ɗin mai shi yana jira. Ba zan ce wa irin wannan mutum ya bar nema ya zo wasa ba. Amma su waɗanda suka kafa ƙungiyoyin da na ambata ba attajirai ba ne, kuma masu kwana sintiri ma ba ƙoshi ne ya fito da su ba. Abin da ake bukata shi ne wasan ya bi rayuwar masu yin sa. Kada a ɗauko dogon rubutu da sai an yi wata uku ana hadda. A zauna a tsara ƙashin labarin, kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, a bar wa baki sauran, yadda aka saba tun a tashe. A sa rihazal lokacin da kasuwa ta yi sanyi, a sa wasa da bikin salla ko bayan kaka. Hayar lasifika da man janareto kuwa, adashin 'yan ƙungiya da abin da masu kallo suka liƙa ya isa. Wasan burtsatsen nan da na faɗa, zanin gado biyu ne labulensa, bencin aji ne kujerar mai unguwa.

Kuma ba a tashi a tutar babu. Na san yaran da ba sa iya haɗa jimla biyu a gaban manya, wasa ya buɗe musu baki, yau su ake turawa idan unguwa tana da koke a sakatariya. Wanda ya taɓa fitowa a matsayin mutumin da ya tsana, ya nemi dalilin da zai sa mutum ya yi irin wannan hali domin ya kwaikwaye shi daidai, da wuya ya koma mai saurin yanke wa mutane hukunci kamar da. Ba na son in cika wannan baki, don akwai 'yan wasan da suka shekara ashirin suna yi halinsu bai gyaru ba.

Sai maganar tarbiyya, wadda ita ce ainihin abin da ke zuciyar uban da aka ce ya sa ido. Shi ma yana da hujja. An yi ƙungiyoyin da suka mayar da rihazal wurin hira da 'yan mata har dare, an yi shugabannin da suka ci amanar yaran mutane, kuma duk abin da aka ji game da 'yan fim a kan ɗan wasan unguwa ake sauke shi. Amma a duba da kyau. A cikin duk abin da matasanmu ke nishaɗi da shi a yau, wanne ne ake yi da rana tsaka, a fili, uwa tana zaune a tabarma, liman yana iya wucewa ya tsaya? Yaron da aka hana shi wannan ba karatu ya koma ba, ɗaki ya shige da waya. Baiwar tana nan, ga ta nan cike da TikTok, sai dai a can masu kallonsa baƙi ne da ba su san gidansu ba, kuma abin da ya fi muni shi ya fi kawo mabiya. Makarantun Islamiyya sun riga mu gane wannan. Je ka walimar saukar karatu ka ga yadda ɗalibai suke ɗan wasa a kan gulma ko cin amanar maraya ko rabon gado, iyaye suna kallo suna share ƙwalla, ba mai cewa an lalace.

Wurin da nake ganin mu 'yan wasan ne muke da laifi shi ne batun mata. Da yake iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu mata, sai namiji ya ɗaura zani ya kafa ɗankwali ya siranta murya. Ana dariya, amma macen da ke fitowa daga irin wannan kusan kullum ɗaya ce, mai masifa, mai kishi, mai zuga miji. Maganar haihuwa da kishiya da talla da zawarci duk sai ta bakin maza ake jin ta. Ba sai an jira ranar da kowa zai yarda da cakuɗuwa ba. Mata suna iya yin nasu su kaɗai a tsakar gida ko a makarantar matan aure, kamar yadda matan fada suka yi wasan gauta ba tare da sun nemi namiji ya fito musu ba. Duk wanda ya taɓa jin yadda mata ke kwaikwayon mazajensu a gidan biki ya san ba 'yan wasa aka rasa ba.

Shi ya sa hana tashe da 'yan sanda suka yi a Kano a 'yan shekarun nan ya dame ni, duk da na san dalilin. Gaskiya ne ɓata-gari sun riƙa fakewa da shi suna fito da makamai suna ƙwacen waya, kuma ba wanda zai so a sari ɗansa saboda al'ada. Amma tashe shi ne ajin farko na kowane ɗan wasa a ƙasar Hausa. Da an ce kowace unguwa ta yi nata a fili ɗaya, mai unguwa ya san da shi, 'yan sintiri su tsare, a tashi da wuri, da an raba yara da 'yan daba ba tare da an raba su da wasan ba. Hanawa ta fi sauƙi ga hukuma, shi ya sa ake zaɓenta.

Ba na cikin masu kiran gwamnati ta zo ta ɗauki nauyin wasan unguwa. Wanda ya ba da kuɗi zai so ya ji sunansa a ciki, mu koma gidan jiya. Abin da ƙungiya take bukata daga masu iko kaɗan ne, izinin mai unguwa da wurin haɗuwa. A birni irin Kano filayen da muka yi wasa a cikinsu muna yara yawancinsu sun zama shaguna, abin da ya rage shi ne makarantun firamare, waɗanda azuzuwansu da yawa suke kulle daga azahar har wayewar gari. Aji ɗaya, yamma biyu a mako, ya wadatar. Idan hedimasta yana tsoron a karya masa benci, a rubuta yarjejeniya, mai unguwa ya sa hannu, ƙungiya ta ɗauki shara da gyaran duk abin da ta ɓata. Ai ana ba masu biki da masu taron siyasa aron makarantun nan, kuma su sun fi 'yan dirama karya benci.